A Mayar wa Yara da Kwanon Kirsimeti

Da watan Nuwamba ya raba tsakiya, takardu kan fara shigowa gidan duk mai 'ya'ya ƙanana. Makaranta ta rubuto: kuɗin bikin rufe zango kaza, kuɗin ganin Baba Kirsimeti kaza, jar hula kaza. A coci an ce ajin yara zai fito da anko. Gidan rediyo yana ta shelar gagarumin taron yara, shi ma da tikitinsa. Uwa ta ɗauki biro tana haɗa lissafin da ya ƙi haɗuwa, uba kuma ya tsiri dawowa gida sai yara sun yi barci, don kada a tare shi a ƙofa da maganar takalmi. Kafin 25 ga Disamba ta zo an kashe na kashewa, an ranto na rantowa. Shi kuwa yaron da aka sha wannan wahala dominsa, abin da ya tsira da shi bai wuce hoto ɗaya a cinyar wani mai gemun auduga ba, da 'yar leda mai biskit da balan-balan.

Abin da nake gani shi ne mun mai da yaranmu 'yan kallo a bikin da a da su ne ƙafafunsa. Mun karɓe musu aiki mun ba su kujera. A cikin ayyukan da muka karɓe kuwa akwai guda wanda asararsa ta wuce gidajen Kirista, ta shafi gari gaba ɗaya. Zan zo kansa, amma bari in fara da na cikin gida.

Duk wanda ya tashi a Wusasa, ko Kafanchan, ko Zonkwa, ko Gindiri, ko Numan, ko Garkida, ko Zuru, ko Sabon Garin Kano, ya san Kirsimeti ba ranar 25 yake farawa ba. Yana faɗowa ne a lokacin da ya fi kowane sauƙi ga manomi: an gama kaka, dawa da gero sun shiga rumbu, acca ta zo gida, masu citta a Kachia da Kwoi sun fara ganin kuɗi, hunturu ya sauko da hazonsa. Mako biyu kafin ranar gida ya zama wurin aiki, kuma kowane yaro da nasa. Ɗan shekara huɗu ma ba a barinsa haka: shi ne mai miƙo tire idan ana yanka cincin, shi ne mai korar kaji daga shanyar barkono. Wanda ya ɗan tasa a ba shi wuƙa marar kaifi ya yi ta yanka kwaɓin fulawa, wani babba wani ƙarami wani karkatacce, rabi a tire rabi a baki. Maza su share ƙofar gida har bakin hanya, su shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, su bi babansu wurin watanda su ɗauko kason naman gidansu a ka, suna tafe suna hura hanci. Mata su yi layin kitso, su jiƙa zoɓo, su tsince shinkafa. Zirga-zirgar gidan tela kuwa ta kowa ce, domin telan Disamba alƙawarinsa gobe ne har ranar jajibiri.

Ba ina cewa da ta fi yanzu a komai ba ne. An sha wuya. Akwai gidajen da ba sa ganin shinkafa sai ranar, akwai yaran da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsu. Amma tambayi kowane babba abin da ya fi tunawa da Kirsimetin ƙuruciyarsa, da wuya ya fara da abin da aka saya masa. Zai fara ne da ranar da zakaran da aka sa shi riƙewa ya kuɓuce ya haye katanga, unguwa duka ta bi shi da gudu.

Haka abin yake a coci. Babban abin da yara ke jira shi ne wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, wanda malaman makarantar Lahadi kan fara koyarwa tun farkon Disamba. Labarin yana cikin surori biyun farko na Matiyu da na Luka. Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller, Baturen mishan na Zariya, ya ba shekaru masu yawa, yaran coci-cocin Arewa irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da sauransu da Hausa suke haddace shi, ko da a gida Tyap ko Berom ko Bura ko Ngas ake yi. Daɗin wannan labari ga mai koyar da yara shi ne yana da gurbin kowa. Akwai Maryamu da Yusufu, akwai mala'ika, akwai mai masauki wanda Luka bai ma ambace shi ba amma wasa ba ya yiwuwa sai da shi, akwai sarki Hirudus wanda kullum yaron da ya fi kowa tsiwa ake ba, akwai masana taurari da zinariyarsu da lubban da mur. Makiyaya ba su da adadi, tumaki ma haka. Duk yaron da ya rasa gurbi sai ya rarrafa ya yi kukan tunkiya, kuma ya yi ta ba da labari har sabuwar shekara. Kaya ba sai an saya ba. Zanin mama ya zama alkyabba, tawul ya zama rawani, kwali da takardar alewa mai ƙyalli su zama kambin sarki.

Kada a ɗauka talauci ne ya ƙago wannan. A 1223, a wani ƙauyen Italiya mai suna Greccio, Faransis na Asisi, wani waliyyin Katolika, ya sa aka kawo sa da jaki da ciyawa cikin kogo, don mutane su ga halin da aka haifi jaririn da idonsu. Mu da muke zaune da tumaki a tsakar gida, muke da makiyaya a bayan gari, muka san abin da ake nufi da kwana a fili cikin sanyi, mun fi Bature kusa da wannan labari. Yaron Bokkos ba sai an zana masa komin dabbobi a allo ba.

To yanzu fa? A manyan cocin birni an ɗauko majigi an haska wa yara katun na Turanci, sun zauna shiru, malamai sun huta. Inda aka daure aka yi wasan, an zaɓi yara goma waɗanda iyayensu za su iya hayar kaya, an ba su makirufo, sauran sun zauna tafi. Anko ya zama shinge. Yarinyar da uwarta ba ta iya biyan yadin ba ta san ba za ta hau gaba ba, wani lokaci ma sai ta ce cikinta na ciwo don kada ta je. Duk kwamitin da zai amince da ankon yara a bikin tunawa da jaririn da aka kwantar a komin dabbobi, ya kamata a karanta masa Luka sura 2 kafin ya sa hannu.

Baba Kirsimeti kuwa ba ni da faɗa da shi. Asalinsa mutumin kirki ne, Nikolas, bishop na garin Mira a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, wanda ya rayu a ƙarni na 4. Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na jefa kuɗi cikin dare a gidan wani talaka mai 'ya'ya mata uku, don kada a san wanda ya bayar. Jar riga da ƙaton ciki daga baya suka zo, tallan Coca-Cola na shekarun 1930 ya ƙara kafa su a idon duniya. Abin dariyar shi ne mutumin da aka sani da kyauta a ɓoye, a wurinmu ya zama wanda ake biya a ƙofa kafin a gan shi. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a layin nan ya san ƙananan da ihu suke fitowa, domin a ganinsu dodo ne. In iyaye suna da hali su kai, a yi hoto, ba laifi. Amma makarantar da ta mai da shi dole, ta cusa shi cikin kuɗin zango, kunyar iyaye take ci, don ta san ba mai son ɗansa ya zauna a aji shi kaɗai alhali 'yan ajinsu suna layi.

Ga kuma halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 komai ya tashi. A ƙarshen 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya doshi naira dubu 100 a kasuwanni da dama, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin shekarar naira dubu 70 ne. Kirsimetin da aka gina a kan saye, gidaje kaɗan ne za su iya shi. Sauran sai su koma jiran a ba su, kuma mun ga inda wannan ya kai. Ranar 18 ga Disamban 2024, a Ibadan, an tara yara a filin wata makaranta da alƙawarin kyautar kuɗi da abinci, turmutsutsu ya kashe yara 35. Kwana uku bayan nan mutum 10 suka mutu wurin rabon kayan abinci a wani cocin Katolika da ke Maitama a Abuja, a ranar kuma wasu 22 suka mutu a Okija ta jihar Anambra wurin rabon shinkafa. Mai yiwuwa da niyyar alheri aka shirya waɗannan taruka. Tsarin ne ke da lahani: a tara dubban mayunwata a ƙofa ɗaya, a kira masu kyamara, a ce ku zo ku karɓa. Wanda ya san unguwarsa ba ya bukatar haka. Zumuntar Mata ta kowace ekklesiya ta san gwauruwar da ba ta ɗora tukunya ba, ta san gidan da marayu suke. A auna a mudu, a ƙulla, a ba yara su kai da yamma. Babu ƙofar da za a yi turereniya a kanta.

Wannan ya kawo ni kan kwano.

Ranar Kirsimeti, bayan an taso sujada a coci, uwa takan jera kwanonin samira da kuloli a tsakar gida, ta zuzzuba shinkafa da miya, ta ɗora nama, ta ƙulla cincin a leda. Sai ta kira yara ɗaya bayan ɗaya: kai gidan Alhaji, ke gidan Malam, ku biyu gidan Hajiya mai ƙosai, kada ku tsaya wasa, kada kuma in ji an buɗe. Yaro ya ɗauka cikin sabbin kayansa, takalmi na cizonsa, ya isa zaure ya yi sallama. A ce ya shigo. Ya durƙusa ya ce, “Ina wuni, Hajiya. Wai in ji Mama ga abincin Kirsimeti.” Hajiya ta ce, “Kai, madalla. Ka ce an gode, Allah ya maimaita mana. Matso in ga ɗinkin nan.” A juye, a wanke kwano, kuma kwano ba ya komawa haka nan: a sa gyaɗa ko sabulu, shi ma ɗan aike a damƙa masa tukuicinsa. Da Sallah ta zo sai hanya ta juya, 'ya'yan Hajiya su shigo da tuwo da miyar taushe ko waina, da Babbar Sallah kuma da soyayyen naman layya. Gidajen Kirista da yawa sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya tun jajibiri, takanas don kada wani ya yi shakkar abin da za a kai masa.

A ganina babu taron zaman lafiyar da aka taɓa yi a otal da ya kai wannan aike amfani. Dubi abin da ɗan shekara bakwai ya koya a tafiyar minti goma. Ya koyi sallama da jiran izini. Ya koyi cire takalmi da gaida babba da sunan da ya dace da shi. Ya ga cikin gidan Musulmi da idonsa: ga buta, ga darduma, ga allo jingine a bango, ga tsohuwa tana tsokanarsa tana kiransa angonta, tana cewa ina goronta. Ba wanda zai zo bayan shekara goma ya ce masa mutanen gidan nan mugaye ne ya yarda nan take, domin ya ci gyaɗarsu. Haka ɗan Hajiya da ya shiga gidan Kirista da Sallah, ya ga hoton aure a bango da littafin waƙoƙi a kan tebur, aka ba shi kujera, ya fito lafiya. Manya suna iya shekara ashirin suna gaisawa a kasuwa ba su san ƙofar juna ba. Ko sun sani, namiji babba iyakarsa zaure. Yaro ne kaɗai ke shiga har tsakar gida, har bakin murhu, kuma shi ne zai daɗe a garin bayan manyan sun tafi.

Wannan hanya ce ta toshe, kuma mun san yadda aka yi. Rikicin Shari'a na Kaduna a Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002 suka raba garin biyu, kogi ya zama iyaka. Kirista suka kwarara Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora, Musulmi suka tattaru a Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi da Kawo. Jos ta bi sahu daga Satumban 2001, sai Nuwamban 2008, sai Janairun 2010, har aka wayi gari akwai unguwannin da mai wani suna ba ya shiga. Bama-baman jajibirin Kirsimetin 2010 a Jos da na cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011 suka sa ranar da kanta ta zama ta fargaba, ana binciken jaka a ƙofar coci. A jajibirin Kirsimetin 2023 aka afka wa ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi aka kashe mutane fiye da 100. Wanda aka haifa a Sabon Tasha a 2001 yanzu ya isa aure, wataƙila ma yana da nasa ɗan, kuma zai yiwu bai taɓa shiga cikin gidan Musulmi ba. Takwaransa na Rigasa haka. Su ne iyayen yaran da muke magana a kansu, kuma da wuya mutum ya aiki ɗansa inda shi kansa ba a taɓa aikensa ba.

Na san abin da za a ce mini. Wa zai saki ɗansa a wannan zamani na satar yara? Gaskiya ne, ni ma ban ce a tura ɗan shekara shida ya tsallaka gadar Kaduna shi kaɗai da kula a ka ba. A raka shi. Uba ya tsaya a zaure su gaisa da mai gida, yaro ya shiga ciki. In unguwar ba ta da maƙwabci Musulmi, ai akwai abokin aiki, akwai mahaucin da ake sayen nama wurinsa shekara da shekaru, akwai mai gadi, da mai shayi, da mai kawo ruwa a kura, da tsohon maƙwabcin da aka rabu da shi tun 2000 wanda lambarsa tana nan a waya. Kuɗin da za a ba Baba Kirsimeti a ba mai keke.

Sai maganar da ta fi nauyi: wai in an kai ba za a ci ba. Akwai malaman da ke wa'azin cewa bai halatta Musulmi ya ci abincin Kirsimeti ba, akwai kuma waɗanda ke ganin babu laifi, suna kafa hujja da ayar Suratul Ma'ida da ta halatta abincin Ma'abota Littafi. Ba hurumina ba ne in shiga tsakaninsu. Ta ɓangarenmu ma ba a rasa masu wa'azin da ke hana cin naman layya, suna jawo maganar abin da aka miƙa wa gumaka daga wasiƙar Bulus zuwa ga Korintiyawa, alhali kowa ya san ragon layya tunawa ne da Ibrahim. Kuma na sha jin mata suna cewa, “Ni na daina, tun ranar da na ga an juye wa almajirai abin da na aika.” To in an ba almajirai ai an ci ke nan. Yaro mai jin yunwa ya ƙoshi ranar Kirsimeti daga tukunyarki, ni ban ga asarar ba. Wanda aka san yana da shakka a kan dafaffe a kai masa ɗanye: mudun shinkafa, kwalbar mai, lemo, ko kaza da ranta ya yanka da kansa. Wanda ya ce a'a cikin mutunci a karɓi a'arsa cikin mutunci, a bar yaro ya ga yadda ake yin wannan ma, kada a dawo gida a zagi mutumin a gabansa. Cikin maƙwabci ba shi ne abin nema ba. Abin nema yaro ya taka ƙofar, ya gaida mutanen ciki, su ma su san sunansa.

A Sabon Tasha ɗin nan shekara da shekaru Musulmi suna zuwa cocin Fasto Yohanna Buru ranar Kirsimeti su taya murna, 'yan jarida suna ɗauka. Gwamnoni ma sukan karɓi shugabannin Kirista a gidan gwamnati a yi jawabi a ci abinci. Abu ne mai kyau, ban raina ba. Amma ziyarar manya ce a gaban kyamara, ɗan shekara bakwai ba ya cikinta.

Bayan aike sai yawo. Yara su haɗu gungu-gungu, da tabaran roba da agogon da ba ya aiki, su bi gidajen dangi suna barka da Kirsimeti, nan a ba su nama, can a ba su naira hamsin. Wasu iyayen birni sun hana, wai bara ce. Ban yarda ba. Ɗan'uwan yawon Sallah ne, kuma ta nan yaro ke sanin gidan gwaggonsa da na kawunsa ba tare da an nuna masa a waya ba, ta nan yake koyon ƙirga kuɗi da raba su da ƙannensa, har da faɗan da ke biyo baya. A haɗa su da babban yaro, a yanka musu lokacin dawowa. Haka zagayen waƙa gida-gida da 'yan Boys' Brigade da ƙungiyoyin matasa kan yi da ganga cikin dare: in dare ya gagara saboda tsaro, a yi da la'asar, a kai wa tsofaffin da ƙafa ta hana su zuwa sujada. Ranar 26, wanda ke Jos ya kai yara gidan zu, wanda ke kusa da Kagoro ya jira Afan, bikin gargajiyar garin, ranar 1 ga Janairu. Wanda kuɗin mota bai hana shi ba ya kai su ƙauye wurin kaka su ji harshensu.

Abin da ya cancanci hani iyaye ba sa hanawa, wato nokawut, abin wasan wutar nan mai fashewa da ƙara. Kowace shekara 'yan sanda sai sun yi shelar haramta shi, kowace shekara sai an sayar a bakin titi. A garin da ya taɓa jin ƙarar bam ranar Kirsimeti, wannan ba wasa ba ne. Ƙara ɗaya a bayan coci ta isa ta sa mutane su tattake juna a ƙofa, ban da yatsun da yake ƙonawa da gobarar da yake tayarwa cikin iskar hunturu. Kuɗin da yaro ke saye da shi daga aljihun babba ya fito. Kuma sau da yawa babban yana can mashaya tun da aka taso sujada, ya bar yara da rana mafi cunkoson babura a shekara.

Akwai kuma yaran da ba su da gidan da za a jera kwanoni a tsakarsa. A Mangu da Bokkos da Kudancin Kaduna da Borno akwai waɗanda aka kora daga ƙauyukansu, suna zaune a azuzuwan makaranta da harabar coci. Su ne ake fara tunawa idan mai kuɗi zai yi rabo, a jera su a ba su leda su ɗaga a yi hoto. Cocin da ke da irin waɗannan yara a harabarsa ya sa su cikin wasan kwaikwayo tun ranar farko ta koyo, kuma kada ya tura su duka cikin tumaki. Matiyu sura 2 ta ce Yusufu ya tashi da dare ya ɗauki yaron da uwarsa suka gudu Masar, su kuwa sun fi 'ya'yan dattawan coci sanin yadda ake yin wannan tafiya. In Zumuntar Mata ta dafa, a zuba wasu kwanoni daban, a ba waɗannan yara su ma su kai gidajen unguwar da ta karɓe su, na Kirista da na Musulmi, babba ɗaya yana biye da su, tukuicin kuma a bar musu.